Waƙoƙin Ala Da Ba Su Shiga Albam Ba: Yadda Masoya Ke Tattara Su

Duk wanda ke bin harkar waƙa ya san cewa abin da mawaƙi ya fitar a albam ba shi ne iyakar abin da ya rera ba. Akwai waƙar biki da aka yi wa ango da amarya su kaɗai, akwai ta naɗin sarauta, akwai ta siyasa da ake daina ji da an gama zaɓe, ga kuma ta fim wadda jarumi ke motsa baki a kai, mai muryar kuwa ba kowa ya san shi ba. To, ina waɗannan waƙoƙi suke zuwa?

Amsar tana cikin wayoyin masoya. Daga Birnin Kebbi zuwa Zauro har Argungu, in ka tsaya a shagon masu tura waƙoƙi za ka tarar da jerin waƙoƙin mawaƙi guda da aka tsinto nan da can aka haɗa wuri ɗaya. Ba kamfani ne ya fitar ba, aikin masoya ne.

A nan ba misalin da ya kai Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa. A shekarar 2009, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Hasbunallahu" ta Ala, da "Oyoyo" ta Adam A. Zango, da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa. A shekarar ce kuma aka kama Ala aka gurfanar da shi. Sai dai kash! An hana sayarwa a kasuwa, amma wa zai hana Bluetooth? Waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo har suka tsallake Kano.

Wannan ɗabi'a ba yau aka fara ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma da yawa daga waƙoƙinsa sun iso mana ne ta hannun gidajen rediyo da mutanen da suka naɗa a kaset suka adana. Haka abin yake ga na Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu. Ba don masu ajiya ba, da sai dai labari.

Amma fa haɗa irin wannan tari ba wasan yara ba ne. Waƙa ɗaya za ka same ta kala uku: wata an yanke mata kai, wata an cusa mata tallar shago a tsakiya, wata kuma an ciro ta daga bidiyon biki, guɗa ta danne muryar. Mai haɗawa na ƙwarai sai ya saurare su duka ya zaɓi mai kyau, ya rubuta sunanta na ainihi da shekararta da dalilin yin ta. Babbar matsalar ita ce jingina: yaro ya kwaikwayi murya, a liƙa masa sunan Ala, bayan shekara goma ƙarya ta zama tarihi.

Wani hanzari ba gudu ba, waƙar nan dukiyar wani ce. Mawaƙi ya biya kuɗin situdiyo, ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi. Ajiya don kada ta ɓace daban, sayar da gumin wani daban. Sannan waƙar biki tana ɗauke da sunayen iyalin mutane, ba kowa ke son a yaɗa ba.

Shawara ga mawaƙanmu: su riƙa tattara irin waɗannan waƙoƙi da kansu su fitar, su nemi masoyan da suka riga suka yi rabin aikin. Ku kuma masu memori cike da waƙa, ku ajiye kwafi a wani wurin. Waya kan faɗa ruwa, memori kan ƙone, kuma wataƙila kwafin da ke hannunku shi kaɗai ya rage.