Wa ke biyan arahar wandon jins?

Tun bayan da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi wa wandon jins rajista a 1873, ɗinkinsa ya ƙaura daga Amurka zuwa Sin, Bangaladash, Pakistan da Turkiyya, inda ƙwadago ke da araha. Ragowar kuɗin kuwa, ruwa ne ke biya. Kamfanin Levi's da kansa ya ƙiyasta cewa wando ɗaya kan sha lita 3,781, daga gonar auduga har wanki, kuma a garin Xintang na Sin ruwan rini ya taɓa mayar da rafuka shuɗi.

Za a ce sana'ar tana ciyar da gidaje masu yawa a birnin Daka na Bangaladash. Gaskiya ne, amma ci da gumin ba ya bukatar gurɓata kogi: yau ana koɗe wando da hasken lesa maimakon sinadari, sai dai injin yana da tsada, kuma manyan masu saye ba sa son ƙara farashi.