Kada A Yi Kitso Da Ƙwarƙwata: Kayan Gyaran Kai Na ’Yan Rawar Gasa A Buji

Duk makarantar da ta taɓa fitar da ’yan rawa zuwa gasa ta san inda hankali yake karkata: a nemo makaɗi, a ɗinka kaya iri ɗaya, a yi ta gwajin taku har ƙafafu su daidaita. Shi kuwa kai, wato gashi da abin da za a ɗora masa, sai ana gobe gasa ake tunawa da shi. A daren nan ne ake neman makitsiya ido rufe, ana aron matsefi daga ɗaki zuwa ɗaki, ana ja wa yarinya gashi tana share hawaye. Washegari a fili, ana cikin tsalle sai zaren wuri ya tsinke, ko ɗankwali ya zame, mai rawa ta kai hannu don ta gyara, taku ya ɓace mata. Wahalar wata guda ta tafi a banza saboda zare ɗaya.

Ɗaliban Buji sun san irin waɗannan ranaku: Ranar Yara ta 27 ga Mayu, bikin 1 ga Oktoba, ranar al'ada da kuma bikin yaye ɗalibai. Buji ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, hedikwatarta tana Gantsa, kuma tana ƙarƙashin Masarautar Dutse. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, don haka idan aka ce a fito da rawar gargajiya, sau da yawa shigar Fulani ake yi. A shigar Fulani kuwa, rabin kwalliyar a ka take.

Gashi ma rawa yake yi

Ku ɗauki rawar koroso, wadda ta yi fice a Kano a shekarun 1970, lokacin da Jigawa take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991. Rawa ce ta maza da mata mai tsalle da juyi da lanƙwasa jiki, ta kuma samo sunanta daga abin kaɗawar da ake ɗaurawa a ƙafa yana ƙara. A irin wannan rawa kai ba ya zama wuri ɗaya. Idan mai rawa ta juya, jelar kitsonta tana biye da ita, wurin da ke jiki yana ba da sautinsa. Idan kitson ya yi nauyi, wuya zai sage. Idan ya yi sako-sako, zai warware. Idan kuma an matse shi da yawa, fuskar da ya kamata ta yi murmushi sai ta murtuke, alƙalai kuwa suna gani.

Ba a nan kaɗai ake damuwa da wannan ba. A ƙasashen Turai da Amurka, yaran da ke gasar rawa suna da jakar da ba abin da ke cikinta sai kayan gashi: filoli, ragar kama gashi, jel da man feshi mai sandarar da gashi. A Jamhuriyar Nijar, samarin Fulanin Woɗaaɓe sukan ɗauki sa'o'i suna gyaran kitso da kwalliyar fuska, su soka gashin jimina a rawani kafin su shiga rawar Gerewol, inda ’yan mata ne alƙalai. Ko'ina aka je, mai gasa ya san kai yana cikin abin da ake ba maki.

Abin da ya kamata a tanada

Na farko kayan wanki. Ganyen karkashi, wanda muka fi sani a miya, tsohon abin wanke kai ne. Idan aka jiƙa shi yakan yi yauƙi, yauƙin nan kuma yana sa gashi ya yi santsi ya tsefu ba tare da ya kakkarye ba. Da shi da sabulun salo, kai ya fita tas. Sai dai a bari ya bushe sarai kafin a kama kitso, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa, kuma idan aka kulle danshi a ciki yakan yi wari.

Na biyu kayan aiki: matsefi mai manyan haƙora don taza, kibiya don tsifa da tsaga, sai baƙin zare mai ƙwari don ɗaure bakin jela. ’Yar robar nan da ake ɗaure kuɗi da ita ba ta dace da gashi ba, tana cin sa, ranar cirewa kuma da gashi take fitowa.

Na uku mai. Man kaɗanya, man shanu da man kwakwa duk suna tausasa gashi, amma kowanne da lokacinsa. Idan gasar ta faɗo a hunturu, lokacin da iska take busar da fata, man kaɗanya ya fi riƙe laushi. Idan kuwa a watan Mayu ne, ana tsakiyar zafi, to a rage hannu. Man da aka lafta zai narke ya haɗu da gumi ya gangaro ido ana tsakiyar rawa, ga kuma ƙurar fili da zai kwasa. Shi man shanu, idan ba soyayye ba ne, rana tana tayar masa da ƙarni. Garin cebe da ake kawowa daga Chadi yana da masoya, amma na jinyar gashi ne a gida, ba na ranar fita fili ba, don yana ɓata farin kaya.

Jel da man feshi na kanti suna kwantar da gashin goshi, ba laifi a yi amfani da kaɗan. Kafin a saya a duba lambar rajistar Hukumar NAFDAC da ranar da wa'adinsa zai ƙare. A kuma sani cewa man feshi yana kama wuta, don haka ba a fesa shi kusa da murhu, fitila ko garwashin turare.

Wuri, tsakiya da ƙwandala

Kayan adon da ake jerawa a kitson Fulani kowanne da tarihinsa. Wuri kuɗi ne a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Tsabar da kakanninmu suke saƙalawa a gashi, wasu na azurfa ne, wasu kuma kwabban zamanin mulkin mallaka ne masu huji a tsakiya, waɗanda ba sai an huda su ba. Tsakiya da murjani kuwa dukiya ce da uwa take bar wa ’yarta. Idan a gidanku akwai irin waɗannan, a bar su a gida. Filin gasa ba wurin kayan gado ba ne, wanda ya faɗi a rairayi ya tafi ke nan. Na roba da ake sayarwa a kasuwa sun fi sauƙin kuɗi, sun fi rashin nauyi, daga inda alƙalai suke zaune kuma ba mai bambancewa.

A jera su a zare ninki biyu, a ƙulla bayan kowane uku ko huɗu, ta yadda ko zaren ya tsinke ba duka za su zube ba. Kada a sa ƙarfe mai kaifi ko dogon abin da zai kai ido idan an juya. A tuna akwai abokiyar rawa a gefe.

Tsananin kitso ba ƙwari ba ne

Nan ne babbar matsalar take. Da yawa suna ganin idan kitso bai yi zafi ba, ba zai yi ƙarko ba. Har akan sha maganin ciwon kai don a iya barci. Likitocin fata kuwa sun daɗe da gano cewa yawan jan gashi yana raunana saiwarsa, musamman a goshi da gefen kunne, har ya fara zubewa. A shekarar 2007 wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan ’yan makaranta sama da 1,000 a birnin Cape Town. Sun samu kusan kashi 17 cikin 100 na ’yan matan suna da irin wannan zubewar gashi, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu sa man miƙar da gashi, wato rilaksa, sannan su ɗora kitso a kai.

Ga ’yar rawa abin ya ninka, domin duk juyin da ta yi, nauyin wuri da duwatsu yana fizgar saiwar. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: zafin da ya kwana, ƙananan ƙuraje a layin tsaga, fatar goshi ta ɗame har gira ta ɗaga. Idan aka sassauta da wuri, gashin yana dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana yi, wurin yakan zama tabo, gashi ba zai sake tsirowa ba. Kofin gasa na shekara ɗaya ne, goshi kuwa na har abada ne. Don haka ’yar uwa, idan kin ji zafi, ki faɗa cikin ladabi. Cewa, “Inna, don Allah a sassauta min gaban,” ba rashin kunya ba ne.

Dabarar da wasu ƙungiyoyin rawa suke yi ta cancanci koyi. Maimakon a rataya ado a gashin yarinya, sai a kitsa jeloli da baƙin zaren ulu, a jera musu wuri, a ɗinke su a jikin ƙyalle ko ɗankwali, a ɗaura a ka. Nata gashin a yi masa zane mai sauƙi a ƙasa. Nauyin ya koma kan ƙyalle, dukan ’yan rawa sun fito iri ɗaya, mai gajeren gashi ba ta ji kunya ba, kuma wadda iyayenta ba su yarda ta buɗe kai a bainar jama'a ba ita ma ta samu shiga. Lokacin salla a cire a yi alwala. Wannan ya kuma rage gardamar ƙarin gashi, wanda malamai suka hana idan na mutum ne, suka kuma yi saɓani a kan na zare. Duk da haka, a nemi yardar iyaye tun kafin a fara gwaji.

Matsefi ɗaya, kai goma

Hausawa suna cewa an yi kitso da ƙwarƙwata idan aka rufe matsala da kwalliya. A ɗakin kwanan ɗalibai, maganar takan zama gaskiya ƙiri-ƙiri. Ƙwarƙwata tana bin haɗuwar kai da kai, tana kuma iya bin matsefi da ɗankwali. Makero, wanda yake cin gashi ya bar fili zagayayye mai fari-fari, shi ma yana bin matsefi da injin aski. Na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha daga asibiti. Saboda haka kowace ta zo da matsefinta da kibiyarta. Idan dole sai an yi tarayya, a wanke da ruwan zafi da sabulu tsakanin kai da kai. A duba kawuna mako biyu kafin gasa, a keɓe, ba a gaban aji ba, don wadda aka samu da matsala ta samu lokacin magani ba tare da an tozarta ta ba.

Sai batun rini. Lallen ganye ja yake bayarwa. Baƙin dayis da ake zane da shi ko rina gashi yakan ƙunshi wani sinadari da ake kira PPD, wanda yake sa wa wasu kumburi da ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Masu yin rinin gashi da kansu suna rubuta cewa a gwada a ɗan wuri a jira awa 48. Wadda ba ta taɓa sawa ba, jajibirin gasa ba ranar gwaji ba ce.

Maza ma ba a bar ku a baya ba. Idan za a yi muku aski iri ɗaya, ko a bar zanko irin na yaran da, kowa ya sayi sabuwar rezarsa a buɗe a gabansa. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, ɗan yankan da ba a lura da shi ba ya isa.

Kuɗin fa?

Ba kowane gida ne zai iya sayen kayan rawar yini ɗaya ba, kuma bai kamata a cire ƙwararriya don iyayenta ba su da hali ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ta yi karo-karo, a sayi ulu da wuri da zare a dunƙule ranar kasuwa, ko a Gantsa, ko Sara, ko Shuwarin, domin sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Karkashi da man shanu kuwa ba sai an je Dutse ba. Bayan gasa a wanke ƙyallayen, a shanya, a ƙirga, a damƙa wa malamar da ke kula da ƙungiya ta adana wa ’yan baya.

Tsarin lokaci shi ne cikon aiki. Mako biyu kafin gasa a duba kai a gama sayayya. Ana saura kwana uku a wanke a yi kitso, don fata ta huta. Ana saura kwana biyu a yi cikakken gwaji da dukan kayan kai, a yi tsalle da juyi kamar ranar, abin da zai tsinke ya tsinke tun a gida. Ranar tafiya a rufe kai saboda ƙurar hanya, a riƙe allura da zare da almakashi a jaka.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, J.D. ’Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, ya tara kusan 1,000, yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. A Amurka kuwa akwai salon da har yanzu da sunan Fulani ake kiransa, wanda mawaƙiya Alicia Keys ta ƙara fito da shi a 2001. Masu asalin abin suna nan a ƙauyuka da rugagen Buji, a ƙarƙashin inuwa, da kibiya a hannu. Kafin gasa ta gaba, ku je wurin tsohuwar makitsiyar unguwarku, ku gaishe ta, ku tambaye ta yadda ake doka da shuku da sunayen kitson da aka daina yi. Ku tafi da littafi da biro.