Ina Marubuci Yake Samo Abin Rubutawa?

Ya ku ɗalibai, sau da yawa idan aka ba ku insha'i sai ka ga yaro ya tasa takarda gaba yana cizon alƙalami, wai shi ba shi da abin cewa. Ƙarshenta sai ya leƙa na maƙwabcinsa ya kwafa. To ku sani, abin rubutawa yana nan birjik a bayan gari, a gona da fadama da gindin bishiya. Abin da ya rage shi ne a koyi dubawa da kyau.

Ku lura da sunayen surorin Alƙur'ani mai girma. Akwai surar saniya, da ta ƙudan zuma, da ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta giwa, ga kuma ta tsawa da ta rana da ta wata. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya gane cewa halittun nan abin tsayawa ne a yi tunani a kansu, wato abin da malamai ke kira tafakkuri.

Magabata sun yi aiki da wannan. Malam Jahiz, mutumin Basra a ƙasar Iraƙi, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan, babban littafi a kan dabbobi da tsuntsaye da ƙwari. Bayan karatun da ya yi, ya riƙa zura wa halittun ido da kansa, yana kuma tambayar Larabawan ƙauye abin da suka sani game da su.

Masu ƙere-ƙere ma haka suke. A shekarar 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji sai ya tarar 'ya'yan wata ciyawa sun manne wa tufafinsa da gashin karensa, kamar yadda ƙarangiya ke yi mana. Da mu ne, sai mu yi tsaki mu cire mu jefar. Shi kuwa sai ya sa su a madubin da ke ƙara girman abu, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Daga nan ya ƙago maɗaurin nan da ake kira Velcro, aka yi masa rajistarsa a 1955. Shi ne a jikin takalmanku da jakunkunanku na makaranta, wanda kuke mannawa ku ɓalle ba tare da igiya ba.

To, ta yaya kai ɗalibi za ka fara? Ka ɗauki ɗan littafi da fensir bayan sallar la'asar, ka zaɓi abu guda ɗaya tak, ka zauna kusa da shi kamar minti 15 ba surutu. Rubuta abu 5 da idonka ya gani ko kunnenka ya ji. Sannan ka tambayi kanka: don me abin yake haka?

Ga misali. Itacen gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa suke kore shar, sai rani ya shigo ya yi sabon ganye. Saboda haka geron da ke ƙarƙashinsa yana samun rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki, shi ya sa manomi ba ya son a sare shi. Ka ga insha'i guda ke nan. Ko kuma ka kalli balbela, me ya sa take bin shanu? Ƙwarin da ƙafafunsu ke tayarwa daga ciyawa take kamawa. Shamuwa fa, da wane lokaci take zuwa, kuma me manoma ke cewa idan sun gan ta? Kowace tambaya daga cikin waɗannan za ta iya zama labari, ko waƙe, ko zane.

Amma fa a kiyaye. Kada yaro ya fita sai da izinin iyayensa, kada ya tafi shi kaɗai, kada ya cusa hannu a rami ko suri, kada ya shiga kududdufi. Ba a kuma ce a farfasa sheƙar tsuntsu don a ga abin da ke ciki ba, kallo aka ce.

Ku kuma iyaye, idan za ku gona ku riƙa tafiya da su, ku gaya musu sunayen itatuwa da tsuntsaye da Hausa, domin da yawa daga cikin yaran birni ba su san marke daga kanya ba. Idan yaro ya cika tambaya a daure a amsa masa.

Duk wanda ya yi wannan sau ɗaya a mako, kafin ƙarshen zango littafinsa zai cika, don da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya rubuta nasa ya kawo wa malamin ajinsa a duba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalam.