Haƙurin Damo Yana da Iyaka

A ƙasar Jabo, ta yankin Tambuwal da Kebbe, damina ce lokacin fitowar damo. Ɗalibin da ya ajiye shi a keji don nazarin kimiyya ya sani sarkin haƙuri ba ya kuka, sai dai a wayi gari ya mutu.

Kada a dasa masa tumfafiya ko tinya, domin ƙaronsu dafi ne. Gamba ta ishe shi inuwa, muddin ba a yi mata feshi ba.

Damo kan yi kashi cikin ruwan shansa, kashin kuwa yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai haddasa zawo. Saboda haka a sake ruwa kullum, a wanke kasko, sa'an nan a wanke hannu da sabulu.