Lubag: Ciwon Murɗewar Jiki Da Ake Gada Ta Wajen Uwa

A tsibirin Panay na ƙasar Filifin, musamman lardin Capiz, akwai ciwon da ake kira Lubag. Magidanci yana cikin ƙarfinsa, ya doshi shekara 40, sai ido ya fara runtsewa ba da sonsa ba, ko wuya ya karkace, ko baki ya wage ya ƙi rufuwa. Cikin 'yan shekaru murɗewar ta game jiki, tafiya ta gagara, magana ta shaƙe. Idan rai ya yi tsawo, murɗewar takan lafa, alamun ciwon Parkinson su maye gurbinta: sandarewar gaɓoɓi, nauyin motsi da karkarwa. Hankalin mutum kuwa galibi yana nan, yana ji yana gani. Haɗiya ce babban haɗari, domin abinci kan kuɓuce zuwa huhu ya jawo nimoniya.

A 1976 likita Lillian Lee da abokan aikinta suka fara bayyana ciwon a rubuce. Daga baya aka gano tushensa: wani ɗan guntun sinadarin gado ne ya kutsa cikin ƙwayar gado mai suna TAF1, yana lalata sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita motsi.

Yadda ake gadonsa ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Ƙwayar tana kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, lafiyayyen yakan rufa wa ɗayan asiri, shi ya sa da wuya ciwon ya kwantar da ita. Namiji ɗaya tak gare shi, daga uwarsa. Saboda haka uba mai Lubag ba ya ba 'ya'yansa maza, amma kowace 'yarsa tana ɗauke da ƙwayar, kuma duk ɗan da ta haifa yana tsakanin samu da kuɓuta, rabi da rabi. Ciwon kakan wajen uwa ko na kawu ke nan yake ɓullowa a jikin jika ko ɗan 'yar'uwa. Abin takaicin, galibi ba ya bayyana sai mutum ya riga ya yi aure ya tara iyali. Gadonsa ta wajen uwa ba dalilin ɗora mata laifi ba ne, ita ma gada ta yi.

Har yanzu babu maganin warkewa. Allurar botulinum tana sassauta naman da ya ɗaure, tiyatar dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwa tana rage murɗewar sosai, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin manomin Capiz.

Lubag na masu asali da Panay ne, amma murɗewar jiki ba ta da ƙasa, kuma a wajenmu saurin cewa iska ce ko sammu yana cinye lokacin magani. Wasu nau'o'in murɗewar ana magance su. Maganin amai metoclopramide, da haloperidol na masu taɓin hankali, suna iya karkatar da wuya su kafe idanu sama cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma allura a asibiti tana kwance murɗewar. Akwai kuma ciwon Segawa, shi ma na gado, wanda yaro ke tashi garau da safe, da yamma ƙafa ta murɗe. Maganin levodopa kaɗan yana miƙar da shi. Likitan jijiyoyi ne zai bambance su. A tafi masa da kwalin duk maganin da aka sha, a kuma faɗa masa ko an taɓa ganin irin haka a dangin uwa ko na uba.