Dabarar Ɗauke Hankali da Tasirinta Kan Mai Tafiya a Wasan World of Warcraft

A cikin wasannin kwamfuta da a ke yi ta intanet akwai wani nau'i wanda kowane mai wasa kan zaɓi jarumi guda ya riƙa sarrafa shi, su haɗu da dubban mutane a cikin ƙagaggiyar duniya ɗaya. Mafi shahara daga cikinsu shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 2004, sa'an nan ya sāke fito da shi bisa tsarinsa na asali a 2019 da sunan Classic. Wannan maƙala ta dogara ne ga wancan tsari na asali, kuma za ta duba dabara guda ɗaya tak, watau wadda a ke kira Distract, ko kuwa ɗauke hankali. Dabara ce da ba ta rage wa kowa ko ɗigon jini, amma ta sha zama sanadin mutuwar jarumai masu yawa.

Yadda Dabarar Ta Ke

Jaruman wasan sun kasu rukuni-rukuni, kowane da sana'arsa. Mai wannan dabara shi ne wanda za a iya kira ɗan sanɗa, domin aikinsa shi ne ɓacewa daga idon abokin gaba, ya lallaɓo ta baya, ya caka wuƙa ko ya zare abin da ke cikin aljihu. Yakan koyi ɗauke hankali idan ya kai mataki na 22. Yadda a ke yi shi ne, ya zaɓi wani wuri a ƙasa wanda bai wuce nisan yadi 30 ba, ya jefa wani abu can. Duk abokin gaban da ke cikin kewayen yadi 10 na wurin sai ya juya ya fuskanci inda abin ya faɗa. Jifa ɗaya kan ci kuzari 30 daga cikin 100 da ɗan sanɗa ya ke da shi, kuma sai bayan sakan 30 za a iya maimaitawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jifan ba ya tona asirin mai jifa. Yana nan a ɓoye yadda ya ke.

Dalilin ƙago dabarar ba ya da wuyar ganewa. Ɗan sanɗa yana tafiya a hankali ƙwarai idan ya ɓuya, kuma an fi saurin hango shi ta gaba fiye da ta baya. Bugu da ƙari, wasu daga cikin manyan sāransa ba sa yiwuwa sai ta bayan abokin gaba. Saboda haka duk abin da zai sa a ba shi baya riba ce gare shi.

Dodo da Mutum

Abokan gaba iri biyu ne a wasan. Akwai dodanni da masu gadi waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, akwai kuma jaruman da ke hannun mutane na ɗaya ɓangaren, tun da ya ke an raba masu wasa gida biyu masu gāba da juna, Alliance da Horde. Dodo ba ya da gardama. Idan yana sintiri aka yi masa jifa, zai tsaya cik har sakan 10 yana kallon wuri guda, ɗan sanɗa ya wuce abinsa ko ya yi masa sane. Sharaɗin kawai shi ne kada dodon ya kasance ya riga ya shiga faɗa.

Al'amarin mutum dabam ne. Wasan ba ya ƙwace masa ragamar jaruminsa na tsawon sakan 10, juya fuskar jarumin kurum ya ke yi sau ɗaya, ya bar wa mai shi ya gyara. Wanda ke tsaye, asararsa kaɗan ce: ya ga jaruminsa ya waiwaya ba da izninsa ba, ya mai da shi, har ma ya sami gargaɗin cewa akwai ɗan sanɗa a kusa. Ta wannan fuska jifan ya cuci mai jifa ne.

Amma ga mai tafiya, nan ne dabarar ta ke nuna ƙarfinta. Masu wasa suna tafiyar da jarumansu ta hanyar danne maɓalli, ko riƙe linzamin kwamfuta, ko kuma su saki jarumi ya yi ta gudu da kansa alhali hankalinsu na kan taswira ko hira da abokai. Duk waɗannan umurni ma'anarsu ɗaya ce, “yi gaba”, kuma gaba ita ce duk inda fuskar jarumi ta ke. To, idan jifa ya sauka, abu biyu ke faruwa: tafiyar ta katse, gaban kuma ta sauya. Katsewar kaɗai ta ishi ɗan sanɗa, domin mahayin da ba zai taɓa cimma ba da tafiyarsa ta hawainiya ya tsaya masa na ɗan lokaci, ya samu ya buge shi ya sumar. Sauyin gaba kuwa ya fi haɗari. Mutumin da tafiyarsa ta tsaya ba zato, abin da hannunsa zai fara yi shi ne sāke danna maɓallin tafiya tun kafin idonsa ya karanta abin da ya faru. Ƙafar da ya ɗaga da niyyar bin hanya sai ta kai shi inda ɗan sanɗa ya zaɓa masa. Jinkirin da ke tsakanin kwamfutar mai wasa da ta kamfani, ko da bai kai rabin sakan ba, yana ƙara faɗaɗa wannan giɓi.

A fili mai faɗi wannan ba kome ba ne, taku biyu ne a karkace. A kan siririyar hanya kuwa, magana ta sha bamban. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne cikin Dutsen Blackrock, inda hanyar zuwa kogon Molten Core ta bi ta kan manyan sarƙoƙi da aka shimfiɗa bisa narkakken dutse. Ƙungiyar mutum 40 ce ke shiga wannan kogo, kuma a zamanin Classic da yawansu sukan kwashe sa'o'i suna yawon tara wani ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci wanda ke gushewa da zarar jarumi ya mutu. Ɗan sanɗa guda da ya laɓe a bakin sarƙa yana iya ɓarar da wannan wahala duka da jifa ɗaya, ba tare da ya zare wuƙa ba, kuma wanda aka cuta ba lalle ne ya ga ko inuwarsa ba.

Shin Zalunci Ne?

Masu ƙorafi suna cewa bai kamata dabarar da aka tsara domin dodanni ta taɓa jarumin da ke hannun mutum ba. Hujjarsu tana da ƙarfi a wuri ɗaya: wanda aka jefa ba ya ganin alamar kome kafin abin ya same shi. Sai dai in an kwatanta ta da wasu dabarun wasan, tana daga cikin masu sauƙi. Rukunin limamai, alal misali, suna da siddabarun da ke ƙwace jarumin wani ɗungum, su tuƙa shi da hannunsu har bakin rami, su sake shi. Can mai jarumi ɗan kallo ne. A ɗauke hankali kuwa, ragama ba ta bar hannunsa ba, kuma takun ƙarshe da ya kai shi cikin wuta shi ne ya yi shi. Shi ya sa gogaggun masu wasa ba sa sakin jarumi ya yi gudu da kansa a kan gada ko sarƙa, kuma in suka ga ya waiwaya haka siddan, sukan ɗage hannu daga maɓalli tukuna, su duba inda fuskarsa ta ke kafin su sāke motsawa.