YADDA AKE SHIGAR DA LABARIN YARO GASAR RUBUTU TA INTANET

Gasar rubuta labari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda yake shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya nemi malamai su rubuto ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Lokacin nan Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal. Haka kuma a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi nasara a gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ke nan da yawa daga littattafan da muke karantawa a aji, gasa ce ta fito da su.

A da, marubuci yakan rubuta labarinsa da alƙalami, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, ya kai gidan waya. Yau kuwa yawancin masu shirya gasa ta intanet suke karɓa. Saboda haka yaron da yake Kongolam, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, labarinsa zai isa hannun alƙalai a minti ɗaya da na yaron da yake Legas ko Landan. Nisa ya daina zama uzuri, saura sanin hanya.

Abu na farko shi ne a san gasar da ta dace da yaron, domin kowace da irin mutanen da take nema. Misali, Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016, kuma ta mata ce zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta da labarinta Sansani. A 2022 kuwa Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya da Garar Biki, abin da ya nuna iyaka ba ta tare labari. Amma gasar ta waɗanda suka kai shekara 18 ce, don haka 'yan'uwana mata da ke aji huɗu ko biyar sai su yi ta wasa alƙalami kafin lokacinsu ya zo.

Akwai kuma ta yara. Ƙungiyar Royal Commonwealth Society da ke Ingila tana shirya gasar rubutu tun 1883, don yaran ƙasashe renon Ingila waɗanda ba su wuce shekara 18 ba. Ita da Turanci ake rubuta ta, kuma ta intanet ake aikawa. Nijeriya tana cikin wannan ƙungiyar ƙasashe, Nijar kuwa ba ta ciki. Wannan abin lura ne gare mu mutanen bakin iyaka, da yake gida ɗaya yakan rabu, wasu a nan wasu a ƙetare.

Abu na biyu, a karanta ƙa'idoji daga farko har ƙarshe, kada a yi musu karatun kurma. A duba harshen da ake so, da adadin kalmomi, da shekarun mai shiga, da ranar rufewa. Hikayata, alal misali, ta saba neman kalmomi 1,000 zuwa 1,500. In aka ce kada a wuce 1,500 yaro ya aika 2,000, komai daɗin labarin ana iya ajiye shi gefe tun kafin alƙali ya gan shi. Wasu masu gasa kuma ba sa karɓar labarin da aka taɓa bugawa, ko da a Facebook ne. To, yaro ya riƙe labarinsa har a bayyana sakamako.

Abu na uku shi ne labarin kansa. Yara da yawa suna zaton sai sun yi labarin wata ƙasa mai nisa, ko sun kwaikwayi fim ɗin Indiya, sannan za a yaba. Ba haka ba ne. Alƙali ya karanta irin waɗannan har ya gaji. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke ƙofar gidanmu. Ga rijiyar Kusugu a Daura da tarihin Bayajida da Daurama. Ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, inda fatake suke haɗuwa daga ƙasashe biyu. Ga yadda aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, da abin da hakan ya jawo wa mai tura baro da mai sayar da tuwo a tasha. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa yana da abin faɗa. Sai dai ya zaɓi mutum ɗaya da matsala ɗaya, ya bi su har ƙarshe, domin gajeren labari ba ya ɗaukar taron jama'a.

Idan ya gama rubutawa a littafi, ya ajiye shi kwana biyu ko uku, sannan ya karanta wa ƙannensa da ƙarfi. Inda suka fara hamma, nan ne wurin gyara. Daga nan ya kai wa malamin Hausa ko na Turanci ya duba masa ƙa'idar rubutu.

Abu na huɗu shi ne bugawa da aikawa. Ana iya bugawa a waya, ko a kai shagon masu kwamfuta. In da Hausa ne, a kula da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin "ƙafa" daban "kafa" daban, haka ma "ɓata" da "bata". Maɓallan rubutu na Gboard suna da Hausa, kuma kyauta ake sa su a waya. Yaro ya zauna kusa da mai bugawa, ya sake karantawa kafin a aika. A yi amfani da adireshin imel na mahaifi ko na malami, wanda ake buɗewa a kai a kai, don ta nan amsa za ta zo. A ajiye kwafi. Kada kuma a jira ranar ƙarshe, gama kowa ya san halin wuta da na sabis a garuruwanmu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Yanzu kuma ga iyayenmu. Taimakonku shi ne ku ba da lokaci, da kuɗin data, da ƙarfin gwiwa. Amma kada ku rubuta wa yaro, kada ku bari ya kwafo na wani, ko ya sa na'ura ta rubuta masa. Kada kuma a rage masa shekaru don ya shiga rukunin ƙanana, domin ana iya neman takardar haihuwa in ya ci, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kyautar da aka samu ta wannan hanya ba za ta koya masa rubuta ko da wasiƙa ba.

Haka nan a yi hattara da 'yan damfara. Akwai masu baza sanarwa a WhatsApp cewa yaro ya ci makudan kuɗi, sai dai a fara turo wani abu kafin a saki kyautar. Duk wanda ya nemi lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo a waya, ɓarawo ne. A nemi sanarwar gasa a ainihin shafin masu ita, a kuma nuna wa malami kafin a ba da hoton yaro ko adireshin gida.

Daga ƙarshe, ya kamata mu sani cewa ɗaruruwa ne suke shiga, 'yan kaɗan suke ci. Wanda bai ci ba bai yi asara ba, tunda ya fita da labari kammalalle a hannunsa, wanda zai iya gyarawa ya kawo wa wannan mujalla tamu. Ina kira ga ƙungiyar Hausa ta makarantarmu da ta riƙa liƙa sanarwar kowace gasa a allon sanarwa tun da wuri, ta kuma ware yamma ɗaya a mako don masu rubutu su karanta wa juna. Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.